Darasi na Bakwai: Waya, Kuɗi da Sirri

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. bayyana aikin lambar sirri, da lambar OTP, da zanen yatsa, da BVN, da NIN;
2. bambance abin da waɗannan matakai ke iya karewa da abin da ba sa iyawa;
3. gane ɗan damfara tun kafin ya gama maganarsa;
4. sanin abin da zai fara yi idan wayarsa ta ɓace ko an taɓa masa asusu.

Shimfiɗa

Mutanen Maiduguri sun ga abubuwa da yawa a kan waya. A watan Satumban 2012 'yan Boko Haram suka bi turakun sadarwa suna lalatawa a nan da wasu garuruwan Arewa, suna zargin kamfanonin waya da taimaka wa jami'an tsaro gano maɓoyarsu. A watan Mayun 2013 gwamnatin Goodluck Jonathan ta kafa dokar ta-ɓaci a jihohin Borno da Yobe da Adamawa, aka rufe layuka, aka yi watanni babu kira babu saƙo. Mai son jin lafiyar ɗan'uwansa sai ya ba direba sallahu, ko ya niƙi gari zuwa inda ake da sabis. A watan Janairun 2021 aka lalata turakun da ke kawo lantarki daga Damaturu, gari ya daɗe a cikin duhu, wayoyin jama'a suka koma yini a shagon mai caji.

Sai kuma ƙarancin takardun naira a farkon 2023, bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000. Mai shayi da mai keke napep da mai kifi a Tashar Baga, kowa ya koyi karɓar taransifa ko yana so ko ba ya so. Ana cikin wannan hali gobara ta tashi a Kasuwar Monde ranar 26 ga Fabrairu, 2023. Ranar 10 ga Satumba, 2024 kuma, ruwan madatsar Alau ya mamaye gari, ya tafi da wayoyi da katunan banki da takardun shaida na ɗimbin mutane.

Waɗannan abubuwa sun tura kuɗinmu da sirrinmu cikin waya da gaggawa, kafin yawancinmu su sami wanda zai zaunar da su ya yi musu bayani. Saboda haka kowa ya yi wa kansa fassara. Wani na ganin lambar sirri takura ce kawai, wani na ganin NIN tarkon gwamnati ne, wani kuma ya yarda cewa muddin wayarsa na da makulli, to shi ke nan babu mai iya taɓa shi. Abin da mutum ya ɗauka game da matakin tsaro shi ke nuna yadda zai riƙe shi. A wannan darasi za mu bi maganganun da ake yi a majalisa da kasuwa da gidan biki, mu tace gaskiyar da ke cikin kowace, mu ware kuskuren.

Matakan da muke haɗuwa da su kullum

*Lambar sirri*, wadda ake kira PIN. Ta katin ATM lambobi 4 ce. Daga 0000 zuwa 9999 akwai zaɓi 10,000, kuma idan aka yi kuskure sau 3 a jere banki kan rufe katin. Ke nan da wuya ɓarawo ya cinka, sai fa idan mai katin ya zaɓi 1234, ko 0000, ko shekarar haihuwarsa, ko ƙarshen lambar wayarsa. Waɗannan ne ɓarawo ke fara gwadawa.

*Lambar OTP.* Lamba ce da banki ko manhaja ke turowa ta saƙo a lokacin da ake son fitar da kuɗi ko buɗe asusu a sabuwar waya. Sau ɗaya take aiki, kuma cikin 'yan mintoci take mutuwa. Manufarta ita ce a tabbatar da cewa wanda ke neman kuɗin shi ne ke riƙe da layin.

*Zanen yatsa da hoton fuska.* Ana amfani da su wajen buɗe waya, da rajistar layi, da tantance masu zaɓe da na'urar BVAS, da kuma rajistar masu karɓar tallafi, kamar yadda hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya irin su IOM da WFP suka yi a sansanonin 'yan gudun hijira na jihar Borno.

*BVN.* Lambobi 11 ne da Babban Banki ya ɓullo da su a watan Fabrairun 2014. Duk asusun da mutum ke da shi, a kowane banki, yana rataye da BVN ɗaya.

*NIN.* Lambar shaidar ɗan ƙasa ce, ita ma lambobi 11, daga hukumar NIMC. Tun watan Disamban 2020 gwamnati ta ba da umarnin kowa ya haɗa layinsa da ita.

Magana ta farko: "Ni talaka ne, me za a sata a wurina?"

Ba mu kaɗai ke faɗin haka ba. A shekarar 2010 wani mai bincike a Amurka, Rick Wash, ya wallafa sakamakon tattaunawarsa da masu kwamfuta a gida, inda ya tarar wasunsu sun yarda cewa manyan mutane da masu kuɗi kaɗai ɓarayin intanet ke nema, don haka ba su ga dalilin wahalar da kansu ba.

Ɗan damfara bai san yawan abin da ke asusunka ba sai ya shiga. Saƙo ɗaya yake tura wa mutum dubu, ya jira wanda zai amsa. Kuma naira dubu goma a hannun mai tallar ƙosai ita ce jarinta kaf, ta fi miliyan a hannun attajiri zafin rabuwa.

Ban da kuɗi, talaka na da abubuwa biyu masu tsada. Na farko sunansa. Idan aka ƙwace WhatsApp ɗinka, za a bi 'yan'uwanka da abokanka ɗaya bayan ɗaya da saƙon "ina asibiti, ranta mini dubu ashirin zuwa gobe," su kuma su tura don sun ga hotonka da lambarka. Na biyu shaidarsa. A shekarar 2025 hukumar EFCC ta yi gargaɗi a kan matasan da ke yawo suna sayen bayanan NIN da BVN daga hannun mutane a kan kuɗi ƙalilan. Da waɗannan bayanai ake buɗe asusun da za a zuba kuɗin sata ko kuɗin fansa. Ranar da bincike ya tashi, sunan da ke kan asusun za a fara nema. Duk wanda ya zo unguwa da takarda yana tattara NIN da BVN da sunan tallafi, a tambaye shi wace hukuma ta aiko shi, a kuma tabbatar a wurin bulama ko lawan kafin a ba shi komai. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Magana ta biyu: "Ai ɗan unguwa ne, na san ubansa"

Ku dubi abin da ke faruwa a gaban teburin mai POS da hantsi. Dattijuwa ta kwance bakin zane, ta zaro kati naɗe a leda, ta miƙa. Yaron ya zura katin, ya juyo mata da na'urar. Ta ce, "Ɗana, idona ba ya gani sosai, sa mini kawai," sannan ta faɗi lambobin huɗu da ƙarfi, mutum biyar na tsaye a bayanta. Wani lokaci ma lambar na rubuce a 'yar takarda a cikin ledar katin. Mai POS ɗin yana iya zama mutumin kirki, yawancinsu ma haka suke. Amma yanzu mutum shida sun san lambar, katin kuma a bakin zane yake kwana.

Abin da ke kawo haka kunya ce da kara. A al'adarmu, rufe hannu a gaban wanda ka sani kamar ka kira shi ɓarawo ne. Mace na jin nauyin ɓoye wa ɗanta ko ƙanin mijinta lambar asusunta. Wanda bai iya karatu ba kuma dole ya nemi mai karanta masa saƙo. Duk waɗannan dalilai ne na gaske, kuma darasin nan bai ce a daina taimakon juna ba. Amma ku tuna da ɗan kasuwa: yakan bar wa maƙwabcinsa jiran shago ya tafi masallaci, sai dai da yamma shi ke rufewa, makullin kuma a aljihunsa yake kwana, kuma babu maƙwabcin da ya taɓa jin haushin haka.

Ga yadda za a yi ba tare da an ɓata wa kowa rai ba. Mai taimako ya yi duk abin da ya kamata har zuwa wurin sa lambar sirri, sannan ya miƙo. Kai ka danna da hannunka, ka kare da ɗaya hannun. Wanda ya iya ƙirga kuɗi zai iya riƙe lambobi 4, kuma a wannan aji mun riga mun koyi rubuta 0 zuwa 9. Kada ka bari a juya katinka ana kallon bayansa ko a ɗauki hotonsa, domin dogayen lambobin gaba, da ranar ƙarewar aiki, da lambobi 3 na baya, da su ake sayayya a intanet. Idan za ka bar waya a wurin mai caji ko mai gyara, ka kulle ta, in da hali ka cire layin da ke haɗe da bankinka ka tafi da shi.

Magana ta uku: "Ya san sunana, ashe daga banki yake"

Wannan ita ce hanyar da ta fi cin mutane. Malami ya zaɓi ɗalibai biyu su karanta wannan hira, wadda misali ce ta irin kiran da ake yi.

Mai kira: Salamu alaikum, Baba. Daga hedikwatar bankinku nake kira. (Ya faɗi cikakken sunan Baba da ranar haihuwarsa.) Haka ne?

Baba: Haka ne, ɗana. Lafiya dai?

Mai kira: Da sauƙi, Baba. BVN ɗinku ne ya sami matsala, ba a haɗa shi da NIN daidai ba. Yau da ƙarfe huɗu za a rufe asusun, kuma kuɗin fanshonku ba zai shiga ba.

Baba: Subhanallahi! To yaya za a yi? Bari in shirya in zo.

Mai kira: Kada ku wahalar da kanku da layi a wannan rana, Baba. Yanzu zan gyara muku. Saƙo zai shigo wayarku da lambobi shida. Ku karanto mini su da sauri kafin su mutu.

Baba: Ga shi ya shigo. Amma da Turanci ne.

Mai kira: Ba komai, lambobin kawai nake so. Kada ku kashe wayar.

Baba: Ɗana, malaminmu ya ce banki ba ya tambayar wannan lamba. Zan je reshenmu da ƙafata in ji.

Mai kira: Baba, za ku yi asarar kuɗinku fa!

Baba: In na gaskiya ne, zan same ka a can. Sai an jima.

Mu duba dabarun mai kiran. Ya fara da ladabi da abin da ya sani game da Baba don a saki jiki da shi. Sanin suna da ranar haihuwa ba hujja ba ce, domin suna nan a fom ɗin da muka cike a wurare da dama, da takardun da muka bari a shagon hoto, da abin da muke sawa a Facebook. Daga nan ya kawo tsoro, ya yanka wa'adi, ya hana Baba kashe waya don kada ya yi shawara da kowa. Gaskiyar abin da ke faruwa ita ce, a daidai wannan lokaci mai kiran na ƙoƙarin shiga asusun Baba daga wata waya. Banki ya turo lambar ne don ya tambayi mai layin ko da saninsa. Saƙon Turancin da Baba bai iya karantawa ba, yawanci gargaɗi ne cewa kada a faɗa wa kowa lambar. Matakin tsaron ya yi aikinsa. Abin da ya rage wa ɓarawon shi ne Baba ya buɗe baki.

Haka ake ƙwace WhatsApp. Wani zai kira ya ce daga ƙungiyarku ta tsofaffin ɗalibai ko ta masallaci yake, za a yi taro ta waya da daddare, an turo maka lambar shiga, ka karanto. Lambobi 6 ɗin nan su ne na ɗora WhatsApp ɗinka a kan wayarsa. Maganinsa yana cikin manhajar: a shiga saituna a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, a zaɓi wata lambar sirri mai lambobi 6 wadda kai kaɗai ka sani. Ko an sami lambar saƙon, sai an nemi wannan.

Ƙa'ida ɗaya ce, a haddace ta: babu ma'aikacin banki, ko na kamfanin waya, ko na hukumar tallafi, da aikinsa ke buƙatar ka faɗa masa PIN ko OTP. Duk wanda ya tambaya, ka kashe wayar.

Magana ta huɗu: "Duk dabarar gwamnati ce ta sa mana ido"

Wanda ya zauna a garin nan a 2013 yana da dalilin wannan zato, don ya ga ranar da aka kashe layin kowa da umarni ɗaya. Kuma gaskiya ne cewa layin da aka haɗa da NIN an san mai shi, kamfanin waya kuma na da bayanin lambobin da aka kira da yankin da wayar take, hukuma na iya neman waɗannan bayanai ta hanyar doka. Tambayar wa ke riƙe da bayananmu da abin da yake yi da su tambaya ce mai kyau. Saboda ita aka yi Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023, aka kafa hukumar NDPC don ta hukunta kamfani ko ofishin da ya yi sakaci da su.

Inda kuskuren yake shi ne mutum ya guje wa rajista ya sayi layin da aka yi wa rajista da sunan wani, ko ya buɗe asusu da lambar wayar ɗan'uwansa. Bayan ambaliyar 2024, wanda layinsa ke da sunansa yana iya zuwa ofishin kamfani a duba yatsansa ko fuskarsa a yi masa welkom bak, lambarsa ta dawo, saƙon bankinsa ya ci gaba da shigowa. Wanda layinsa ke da sunan baƙo ba shi da abin da zai nuna. A kuma sani cewa layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, kamfani kan sake sayar da shi ga wani. Idan ka daina amfani da layi, ka je banki ka canza lambar da ke kan asusunka, in ba haka ba saƙonninka na hannun wanda ba ka sani ba.

Magana ta biyar: "Na ga alama, ke nan babu matsala"

Wasu kuma yardarsu ce ta yi yawa. Ga wurare huɗu da ake yawan ruɗuwa.

*Alat.* Saƙon da ke cewa kuɗi sun shigo ana iya ƙirƙirarsa, haka ma hoton rasit da mai saye ke nunawa a wayarsa. Ɗan kasuwa ya duba ragowar kuɗinsa a manhajar banki ko a na'urarsa kafin kaya su bar shago, ko da mai sayen na cewa motarsa za ta tashi.

*Hoton kwaɗo a shafin intanet.* Ma'anarsa kawai ita ce abin da ka rubuta zai isa shafin ba tare da wani ya karanta a hanya ba. Bai ce mai shafin mutumin kirki ne ba, shafin ɗan damfara ma na iya samunsa. Kamfanin Google ya ce a binciken da ya yi a 2021, kashi 11 cikin 100 kacal na waɗanda aka tambaya suka fahimci ainihin ma'anar alamar, shi ya sa ya cire ta daga manhajar Chrome a 2023. Shuɗin rubutun da ake yaɗawa a WhatsApp, wai a latsa a cike fom a karɓi tallafi ko kyautar data, a bar shi inda aka gan shi.

*Sirrin WhatsApp.* Tun 2016 manhajar ke kulle saƙonni ta yadda mai aikawa da mai karɓa kaɗai ke iya buɗewa. Wannan bai hana wanda ka aika wa ya tura wa duniya ba, bai kuma hana wanda ya ɗauki wayarka a buɗe ya karanta ba.

*Manhaja mai kyan gani.* Harkar zuba kuɗi ta MMM ta rufe da kuɗin mutane a watan Disamban 2016, irinta ta CBEX ta yi haka a watan Afrilun 2025. Duk suna da kalmar sirri da shafi mai tsari. Lambar sirri ba ta kare ka daga wanda ka miƙa wa kuɗinka da hannunka. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Zanen yatsa ma yana da iyaka. Yana da kyau don ba a mantawa da shi kuma ba a leƙensa, amma ana iya dangwala yatsan mai barci a kan waya. Manomi ko mai wanki da yatsunsa suka goge kuma, na'ura kan ƙi karɓa, sai a koma ga lambar sirri.

Magana ta shida: "Abin da Allah ya ƙaddara ba makawa"

Haka ne, kuma babu mai jayayya. Amma malamai sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa tukuna sannan ya yi tawakkali. Riƙo da sababi ba ya cin karo da imani.

Laifin ba na mai waya kaɗai ba ne

Kada ɗalibi ya fita daga wannan aji yana ganin kansa jahili. A shekarar 1999 wasu masu bincike biyu a Landan, Anne Adams da Angela Sasse, sun nuna cewa ma'aikatan ofis masu ilimi ma, idan aka ɗora musu kalmomin sirri da yawa ba tare da bayani ba, rubutawa suke yi a takarda ko su zaɓi mai sauƙi. Suka ce masu ƙera tsarin ne ya kamata su gyara. A wurinmu abin ya fi haka nauyi, tunda yawancin saƙonnin gargaɗi da Turanci suke zuwa, ga mutanen da Kanuri da Hausa da Shuwa da Babur ne harshensu. Haƙƙinka ne ka ce wa ma'aikacin banki ya yi maka bayani da harshen da kake ji. Wanda aka damfara kuma kada a yi masa dariya. Dariyar ce ke sa mutane yin shiru, shirun kuma ke ba ɓarawo damar cin na gaba.

Idan abu ya faru

Ɓarawon waya ya fi son layin a kan wayar. Yakan zare sim ya sa a wata ƙaramar waya, ya danna *565*0# ya ga BVN, daga nan ya shiga neman hanyar asusu. Saboda haka tun yau a sa wa sim ɗin kansa lambar sirri, a kuma adana katin da aka ɓallo shi daga jiki, don a nan lambar PUK take, wadda ake buɗe layi da ita idan an yi kuskure sau 3. Wanda bai iya ba ya je ofishin kamfanin layinsa a nuna masa.

Idan waya ko kati ya ɓace, ko ka ga an cire kuɗin da ba ka sani ba:

1. Ka rufe asusun nan take. Bankuna na da lambar gaggawa da ake dannawa daga kowace waya, misali *901*911# a Access, *966*911# a Zenith. Ka tambayi ta bankinka tun kafin ranar buƙata.
2. Ka je ofishin kamfanin waya a rufe layin, a yi maka sabo.
3. Ka je banki da kanka ka shigar da ƙorafi a rubuce, ka karɓi shaida. Saurin kai rahoto na ƙara yiwuwar a tare kuɗin kafin a kwashe.
4. Ka sanar da 'yan'uwa kada su tura wa kowa kuɗi da sunanka.
5. Ka kai rahoto ga 'yan sanda ko ofishin EFCC na Maiduguri. Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta tanadi hukunci a kan irin wannan sata.
6. Idan banki bai share maka hawaye ba, Babban Banki na da sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna. Ƙorafin kamfanin waya kuma ana kiran hukumar NCC a lamba 622 kyauta.

Taƙaitawa

Matakan tsaro na aiki, amma kowanne da iyakarsa. PIN da OTP na mai asusu ne shi kaɗai. BVN da NIN ba a sayar da su, ba a ba da aronsu. Layi ya kasance da sunan mai shi. Alat da hoton kwaɗo da kyan manhaja ba shaidar gaskiya ba ne. Mafi yawan asarar da ake yi, mai kuɗin ne ake lallaɓa ko a tsorata har ya faɗi lambar da bakinsa.

Tambayoyi

1. Lambobi nawa ne a BVN, kuma a wace shekara aka ɓullo da ita?
2. Me ya sa banki ke turo OTP?
3. Kawo dabaru uku da mai kira ya yi amfani da su a kan Baba.
4. Wace matsala ke tattare da layin da aka yi wa rajista da sunan wani?
5. Mai saye ya nuna maka rasit a wayarsa, yana sauri. Me za ka yi?
6. A cikin maganganu shida da muka bi, wacce ka fi ji a unguwarku? Wace amsa za ka bayar yanzu?

Aikin aji

A kasu biyu-biyu. Ɗaya ya zama mai POS, ɗaya ya zama mai cire kuɗi. A gwada yadda za a ce "kawo in sa da kaina" cikin ladabi, da Hausa da kuma Kanuri ko wani harshen da ake ji a ajin. Kada kowa ya faɗi lambarsa ta gaskiya, ko ga malami.

Aikin gida

Ka rubuta lambar gaggawar bankinka a littafinka, ka canza PIN ɗinka idan wani ya san shi ko idan shekarar haihuwarka ce, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp. Sannan ka zaɓi mutum ɗaya a gidanku wanda bai zo wannan aji ba, mahaifiya ko miji ko maƙwabciya, ka karanta masa hirar Baba da mai kira, ka zo mana da abin da ya ce a darasi na gaba.